Yadda Za a Kare Ido a Wajen Walda, Giranda da Aikin Sinadari

Ina ɗan shekara 15 aka kai ni shagon kawuna in koyi walda. Aikina na farko shi ne riƙe ƙarfe: shi ya ɗana, ni in kau da kai. Ya ce da ni, "Da ka ji na ce ido, ka juya." Wata rana aka kawo wuta bayan kwana biyu babu ita, muna ta sauri mu haɗa wata ƙofar get kafin a sake ɗaukewa. Ya ce "ido" ya fi a ƙirga, ni kuwa sau da yawa sai hasken ya riga ya walƙa nake juyawa. Na koma gida garau, na ci tuwo, na kwanta. Wajen ƙarfe biyun dare na farka kamar an ɗura mini yashi mai zafi a idanu duka biyun, hawaye na zuba, ko fitilar da mahaifiyata ta haska ba na iya kallo. Da safe Kawu ya dube ni ya yi dariya ya ce, "Walda ce ta yi maka barka da zuwa. Kowa sai ta gaishe shi."

Wannan ya warke cikin kwana biyu. Wanda bai warke ba shi ne na wani abokin aikina, shekaru bayan haka, a wani kamfani da ba zan kama suna ba. Yana juye ruwan soda daga wani duro, tiyo ya kuɓuce, ya watso masa a fuska. Mutane suka yi kansa da salati, wani ya danne masa idon da hankici, aka yi ta neman direba, aka saka shi a mota, aka shiga cunkoso. Sai da aka kusa cin awa guda kafin ruwa ya taɓa idon nan. Abin da har yau yake ci mini rai shi ne, taku kaɗan daga inda abin ya faru akwai butoci jere a ƙofar masallacin ma'aikata, cike da ruwa, an tanada saboda Azahar. Da mutum ɗaya a cikinmu ya san abin yi, da wataƙila yau da ido biyu yake gani.

Abin da zan zayyana a nan ya shafi manyan kamfanonin Sharaɗa, Challawa, Bompai da Kakuri, ya kuma shafi rumfunan Ƙofar Ruwa da Panteka da duk wani shagon bakin titi da ake yanka ƙarfe ko cajin batir. Ƙarfe bai san girman kamfani ba.

Mataki na farko: zagaya wurin da idon baƙo

Hausawa na cewa, ido wa ka raina, ya ce wanda nake gani yau da gobe. Wanda ya shekara goma a gaban injin ba ya ganin haɗarinsa kuma. Don haka ka ware safiya ɗaya, kai maigida ko shugaban leburori, ka tsaya a kowane wurin aiki ka tambayi kanka: me zai iya tashi daga nan, me zai iya fantsama, wane haske ke fita, kuma wa ke tsaye kusa?

Abin da ke tashi shi ne ɓarɓashin giranda, wayoyin burushin ƙarfe, kashin walda da ake ɓamɓarewa da guduma, tsinin ƙusa, ɓallin dutse da na katako. Abin da ke fantsama shi ne soda ta masu sabulu da masu wanke tukwanen masana'anta, farar ƙasa da sinadaran da majemu ke zuba wa fata don gashi ya zube, jiƙaƙƙen siminti, ruwan batir, man birki, da narkakken alminiyum na masu zubin tukunya. Haske kuwa na walda ne da na bakin tanderu.

Tambayar ƙarshe ita aka fi mantawa. Yaron da ke riƙe ƙarfe, mai shara, mai kawo shayi, kwastoman da ya tsaya yana jiran a gama masa, yaran unguwa da ke zagaye mai walda suna kallon tartsatsi: duk waɗannan babu abin da ke tsakanin idonsu da aikin. Ka rubuta su ma.

Mataki na biyu: gyara kayan aiki kafin ka sayi tabarau

Tabarau shi ne katanga ta ƙarshe. Kafin a zo kansa akwai gyaran da ba ya cin kuɗi sosai.

Fara da giranda, don ita ce ta fi kowane inji aika mutane asibitin ido a wuraren da na yi aiki. Ƙarama mai faifan milimita 115 tana juyawa kusan sau 11,000 a minti ɗaya, babba mai faifan milimita 230 kuma kusan sau 6,500. Bakin faifan yana gudun da ya kai mita 80 a daƙiƙa, wato ya doshi kilomita 290 a awa. Da wannan gudun ɓarɓashi ke barin faifai. Amma ka shiga shago goma, za ka tarar an cire murfin kariyar giranda a mafi yawansu, wai yana tare gani, ko don a samu a ɗaura faifan da ya fi ƙarfinta. Akwai kuma ɗabi'ar ɗaukar ragowar faifan babbar giranda idan ya cinye a ɗaura wa ƙarama don tattali. Faifan da aka yi domin juyi 6,500 an kai shi 11,000, ranar da zai tarwatse ba ya sallama. A mayar da murfi. A duba adadin juyin da aka rubuta a jikin faifai, kada na injin ya wuce shi. A kan zoben ƙarfen da ke tsakiyar faifai akwai kwanan watan da ya kamata a daina amfani da shi, domin ƙaron da ya riƙe shi yana lalacewa da daɗewa da danshi. Faifan yanka siriri ne, ba a gurza da gefensa. Kuma idan ka sa sabo, ka kunna injin ya yi kamar rabin minti yana juyi a iska, bakinsa yana kallon inda babu kowa.

Sai guduma da cizal. Idan kan cizal ya baje ya yi leɓe saboda duka, wannan leɓen ne ke ɓallewa. Ɓallin ba ya wuce ƙwayar gero, amma yana da kaifi da gudun da zai huda ido ya shige ciki, ƙofar ta rufe kamar ba a yi komai ba. A gurje kan cizal ya koma daidai, ko a jefar. Kada a daki guduma da guduma, kada a daki boris (bearing) kai tsaye da guduma.

Wajen walda a yi masa shinge. Ba sai an sayi labulen kamfani ba, falle biyu ko uku na faranti ko tsohon kwano da aka shafa wa fenti mai duhu marar ƙyalli sun isa su tare haske da tartsatsi. Sabon kwano mai sheƙi da farin bango suna mayar da hasken walda, har wanda ya juya baya ya samu rabonsa. Wajen giranda kuma a juya shi yadda tartsatsi zai riƙa bugun bango, ba hanyar wucewar mutane ba.

Masu cajin batir su daina gwada batir ta hanyar ƙyasta waya tsakanin kawunansa biyu. Batir da ke caji yana fitar da iskar haidurojin, ƙyas ɗaya ya ishe ta ta fasa shi, ruwan ya wanke fuskar wanda ya sunkuya a kai. A kashe injin caji kafin a cire waya, a bar wurin iska na shiga. Wajen haɗa sinadari kuma, asid ake zuba wa ruwa a hankali, ba a zuba wa asid ruwa, haka ma soda. Wannan har matan da ke haɗa sabulun ruwa a gida ya shafa, ga yara na rarrafe kusa da bokiti. Masu zubin alminiyum su tabbatar ludayi, mazubi da tarkacen da za a narka duk sun bushe ƙarau. Alminiyum na narkewa ne a wajen digiri 660, ɗigon ruwa ɗaya a ƙarƙashinsa nan take yake zama tururi ya watso shi sama. Sai kuma tiyon iska: kada a kaɗe ƙura daga jiki ko daga tebur da shi, kuma a hana yara wasa da shi, ba sassauci.

Mataki na uku: kowane aiki da tabaransa

Baƙin gilashin da ake saye a hannun masu talla a danja ba kayan walda ba ne, ko da ya kai tukunya baƙi. Duhunsa ma na iya ƙara ɓarna, domin tsakiyar baƙin ido tana buɗewa a duhu, idan gilashin ba ya tace haske mai ƙuna sai ya shiga da yawa. Gefensa a buɗe yake, kuma idan ɓarɓashi ya doke shi shi kansa sai ya zama ɓarɓashi. Araha ba ta ado.

Tabaran kariya na gaske da wata roba mai tauri ake yin sa, polikabonet, kuma akwai shaida a jikin hannunsa ko a kusurwar gilashin. Na tsarin Amurka za ka ga Z87, idan da alamar + a gaba to an gwada shi da bugu mai ƙarfi. Na tsarin Turai za ka ga EN 166 tare da harafi: F na nufin ya jure ƙwallon ƙarfe mai gudun mita 45 a daƙiƙa, B kuma mita 120. Ka tuna bakin faifan giranda yana kai mita 80. Shi ya sa tabarau mai hannu shi kaɗai bai isa aikin giranda ba: ko a sa mai roba da ke manne wa fuska mai alamar B, ko a ɗora garkuwar fuska a kan tabarau. Garkuwar ita kaɗai ma ba ta isa ba, don ɓarɓashi yana bugun ƙirji ya yi tsalle ya shiga ta ƙasa. Jabu ya cika kasuwa, har da shaidar ake bugawa, don haka ka saya wajen dilan da za ka iya komawa ka kama, kuma idan an sayo kwali guda ka sadaukar da ɗaya: ɗora shi a kan katako ka kwaɗa masa guduma. Na kirki zai lotsa ko ya yi tabo, na banza zai tarwatse.

Mai aikin sinadari yana buƙatar wanda ya rufe ido ruf ta ko'ina, mai ƙofofin iska a rufe ta sama yadda ruwa ba zai gangaro ciki ba. A tsarin Turai lamba 3 a jikin firam ita ce ta ruwa, 4 ta ƙura mai gari, 5 ta iska da ƙura mai laushi. Wanda ke da ƙananan huji a gefe na kafintoci ne, ruwan soda zai bi hujin. Idan ana juye duro ko buɗe famfon tanki, a ƙara da garkuwar fuska.

Gilashin walda lamba gare shi, kuma lambar tana tafiya da ƙarfin wuta. Aikin ƙofa da taga da ake yi da sandar walda geji 12 ko geji 10, lamba 10 zuwa 11 ta yi. Idan wuta ta haura amfiya 160 a koma 12, manyan ayyuka su kai 13 ko 14. Walda da yanka na gas, irin na masu gyaran jikin mota, lamba 4 zuwa 6 ake sawa, kuma wannan gilashin ba ya tare hasken waldar lantarki ko kusa. Hanyar zaɓe mai sauƙi ita ce ka fara da mai duhu sosai, ka riƙa sassautowa har ka ga narkakken ƙarfen sarai, amma kada ka sauko ƙasa da 10 a waldar lantarki irin ta yau da kullum. A sa farin gilashi mai araha a gaban baƙin don tartsatsi ya ci shi maimakon mai tsadar. Garkuwar da ake riƙewa da hannu tana cinye hannu ɗaya, shi ya sa ake ajiye ta lokacin ɗanawa. Wadda ake sawa a kai ta fi, mai duhunta kanta da zarar wuta ta tashi kuma ta fi duka, idan an samu ta gaske. A ƙarƙashin kowace iri a bar farin tabarau a fuska, domin da an ɗaga garkuwa guduma ake ɗauka a ɓamɓare kashin walda, yana da zafi, kuma ido yake nema. Farin polikabonet ɗin nan yana tare mafi yawan hasken da ke ƙona saman ido, don haka yaron da ke riƙe ƙarfe ma a ba shi, tare da tasa garkuwar.

Mai gilashin likita ya sani nasa ba kariya ba ne. Akwai tabaran da ake ɗorawa a kansa.

Mataki na huɗu: a gano dalilin da ya sa ake cirewa

Na sha ganin kamfani ya raba tabarau, bayan mako guda duk suna goshi ko aljihu. Faɗa da yankan albashi ba su cika magance wannan ba. Ka tambayi mai cirewa, zai gaya maka gaskiya: "Oga, ba na gani da shi." A watan Afrilu a Kano, zafi ya haura digiri 40, ga rufin kwano, gumi na haɗa hazo a cikin gilashi. Da hunturu kuma ƙura ta lulluɓe shi, a goge da gefen riga mai ɓarɓashi, ya kakkarce. Maganin hazo shi ne a sayi mai maganin hazo, ko a shafa ɗigon sabulun ruwa a ciki a goge ya bushe, a ɗaura ƙyalle a goshi ya tare gumi. Maganin karcewa kuma a ɗauraye da ruwa kafin a goge, a ajiye a jaka ko tsohuwar safa ba a cikin akwatin sufana ba, kuma wanda ya karce a canja wa mai shi ba tare da an ci masa mutunci ba. Kowa da nasa. Tabarau ɗaya na mutum biyar, na babu kowa ne, ga yaɗa ciwon ido idan lokacinsa ya zo.

Mafi yawan raunin da na gani da idona ba a tsakiyar babban aiki ya faru ba. A "ɗan taɓawa kawai zan yi" ya faru: an gama aiki, an cire tabarau, sai aka hango wani ɗan tsini. Ko lokacin da aka kawo wuta kowa ya ruga. Doka mafi sauƙin bi ita ce ta wuri, ba ta aiki ba: a ja layi da fenti a ƙasa, duk wanda ya tsallake shi da tabarau zai tsallake, ko manaja ne, ko Alhajin da ya zo duba ƙofarsa. Idan maigida na walda da ido tsirara, kada ya wahalar da bakinsa a kan yara. Kuma in za a cire tabarau bayan giranda, a sunkuyar da kai, a rufe ido, a kaɗe gashi da gira tukuna. Mutane da yawa a wajen wanka ko cire riga ɓarɓashin ke faɗa musu.

Mataki na biyar: ruwa a kusa

Ƙa'idar da manyan masana'antu ke bi ita ce, mai aikin sinadari ya iya kai wa ga wurin wanke ido cikin daƙiƙa 10, kuma ruwan ya iya zuba minti 15 bai yanke ba. Idan kamfani na da hali ya kafa famfon wanke ido, ya riƙa buɗe shi duk mako don kada tsatsa ta taru. Idan babu hali, jarka mai lita 20 ko 25 mai murfi, da buta biyu sababbi da ba a shiga bayi da su, da jakar fiya wata guda, sun yi aiki. A ajiye su a inuwa, a canja ruwan jarka kullum, a rubuta a jiki cewa na ido ne, kuma kada a kulle su a ofishin da mai makullin ya tafi cin abinci. Ka rufe idonka ka gwada tafiya daga wajen duro zuwa wajen ruwan. Duk abin da ka yi tuntuɓe da shi a ɗauke shi, don wanda soda ta shiga wa ido a makance zai yi wannan tafiyar.

Mataki na shida: idan abin ya faru

A nan ne ake asarar idon da da zai tsira, kuma abin yi ya bambanta ƙwarai gwargwadon abin da ya shiga.

Idan sinadari ne, ruwa kafin komai. Kafin mota, kafin waya, kafin a sanar da manaja. A zaunar da shi ko a kwantar, a karkata kansa ta ɓangaren idon da ya samu rauni don kada ruwan ya gangara wa mai lafiyar. Mutum ɗaya ya buɗe fatar idon da yatsu, don shi da kansa ba zai iya ba, zafi zai sa ya runtse da ƙarfi. Wani ya riƙa tsiyaya ruwa da buta daga ɓangaren hanci, a hankali, ba yankewa, wani kuma yana cika ɗaya butar. A ce masa ya riƙa juya idon sama da ƙasa, dama da hagu. A duba agogo, domin minti uku a irin wannan hali kamar awa yake: aƙalla minti 20, idan soda ce ko siminti ko farar ƙasa ko ruwan kabaid na masu waldar gas, a kai minti 30, kuma a ci gaba da zuba fiya wata a cikin mota har asibiti. Siminti da farar ƙasa suna maƙalewa a ƙarƙashin fatar ido ta sama su ci gaba da ci, sai an ɗaga fatar an wanke ƙarƙashinta.

Mutane sun fi tsoron asid, amma soda da danginta sun fi shi mugunta a ido. Asid yana ƙona sama ya daskarar da naman, wannan ya rage masa shiga. Soda kuwa narkar da nama take yi tana nutsewa, cikin 'yan mintuna ta kai ciki. Kada a ce za a kashe soda da lemon tsami ko asid da kanwa. Kuma idan bayan ƙunar idon ya yi fari fat, zafin ya ragu, ba sauƙi ba ne, jijiyoyin ne suka mutu. A ɗauki hoton takardar jikin duron ko a tafi da ita, likita zai so sanin mene ne.

Idan ɓarɓashi ne ko ƙura, kada a murza. A ɗauraye da ruwa, a yi ta ƙiftawa. Idan ya fita kuma gani ya dawo daidai, to. Idan har ana jin sa, ko ana hango ɗigon baƙi a kan baƙin ido, ya kafe ke nan, sai asibiti a ranar. Na san kowace kasuwa tana da gwanin cire abu a ido, mai tsinken ashana, ko gefen takardar kuɗi, ko maganaɗisu, ko ma harshe. Wani lokaci yana dacewa, shi ya sa ake komawa. Amma ƙarfe yana fara tsatsa a kan ido cikin 'yan awanni, ya bar zobe da sai da na'ura ake kankare shi, kuma tsinke mai datti a kan ido mai rauni shi ke kawo gyambon da ke ƙarewa da hakiya.

Idan ana dukan ƙarfe da ƙarfe ne mutum ya ji wani abu ya tsunkule shi a ido, a ɗauka ya shige ciki har sai likita ya ce a'a, ko da ba zafi, ko da yana gani. Ƙarfen da ya kwana a cikin ido yana iya kawo ruɓa cikin kwanaki, ko ya yi ta sakin tsatsa yana kashe gani a hankali cikin watanni. A gaya wa likita a fili cewa ƙarfe ake duka, don a yi hoton da ya dace. Ba a shiga na'urar MRI da zargin ƙarfe a ido, maganaɗisu ce.

Idan ido ya fashe ko wani abu ya cake a ciki, nan kuma dokar ta juye: ba ruwa, ba magani, ba taɓawa. Alamunsa su ne tsakiyar baƙin ido ta karkace ta yi kamar ɗigon hawaye, wani abu baƙi ko mai yauƙi ya leƙo, ko gani ya ɗauke nan take. Kada a zare abin da ya cake. Kada a danna auduga ko hankici. A yanke gindin kofin roba ko na gorar ruwa a kifa a kan idon yadda zai zauna a kan ƙashi, a manne da filasta. Kada a ba shi abinci ko ruwa, domin mai yiwuwa a yi masa aiki a ranar, kuma ya guji sunkuyo, yunƙuri da fyace hanci. A tuna wa ma'aikatan asibiti da allurar tetanus.

Idan bugu ne, kamar sufana ta kuɓuce ko bel ya tsinke, a duba ko jini ya kwanta a ƙasan baƙin ido. In ya kwanta, mutum ya zauna kansa a sama, kada ya sha asfirin ko ibuprofen, a tafi asibiti. Mai sikila, har wanda ke AS, lallai ya faɗa wa likita, don a wajensu wannan jinin ya fi saurin tayar da hawan jinin ido. Ganin walƙiya, ko baƙaƙen abubuwa na yawo, ko kamar an ja labule ta gefe, ko da bayan makonni ne, a koma da gaggawa.

Hasken walda kuwa, irin wanda ya gaishe ni, yakan bayyana awa 6 zuwa 12 bayan aiki, ya lafa cikin kwana ɗaya zuwa biyu. Ɗaki mai duhu, tsumma mai tsabta da ruwan sanyi a kan rufaffen ido, da farasitamol. Idan ido ɗaya ne kawai ke ciwo, a yi zargin ɓarɓashi ne ba haske ba. Idan ya wuce kwana biyu, ko gani ya ragu, ko kwantsa ta fara, a je a duba.

Akwai abubuwan da ba sa shiga ido mai rauni ko wane iri ne: nonon mai shayarwa, ruwan sukari, ruwan albasa, madarar gwangwani, kwalli, fitsari, man fetur. Biyu kuma daga kemis suke fitowa, kuma sun fi waɗancan yaudara don suna sa a ji daɗi. Na farko maganin ɗigawa mai kashe zafi nan take, wanda wasu masu walda ke ajiyewa a aljihu: yana hana saman ido warkewa, kuma mutum ba zai ji lokacin da idon ke lalacewa ba. Na biyu mai sinadarin steroid, irin su dexamethasone da betamethasone: yana kwantar da ja, amma idan akwai gyambo sai ya ba ƙwayoyin cuta fili. Likitan ido ne kaɗai zai ce a ɗiga waɗannan.

Mataki na bakwai: asibitin da za a je, da takardun da za a cike

Tun kafin ranar tsautsayi a san inda za a nufa, a rubuta a bango tare da lambar direba ko mai Keke na kusa. A Kano akwai asibitin ido na ECWA, wanda ke aiki tun 1943, da asibitin ido na Makkah, da sashen ido na Asibitin Koyarwa na Aminu Kano da na Asibitin Murtala. A Kaduna akwai Cibiyar Ido ta Ƙasa, a Zariya kuma asibitin koyarwa na Shika. A bincika wanne ke karɓar mutum da dare da ranakun hutu, don kamfanoni da yawa kwana suke aiki. Ƙaramin asibitin unguwa zai iya ci gaba da wanke ido da ruwan ƙarin ruwa, amma fasasshen ido na likitan ido ne.

Ta fuskar doka, Dokar Masana'antu ta Najeriya ta ɗora wa mai kamfani samar da tabarau ko shinge a ayyuka irin su gurza ƙarfe da walda, da kare sauran ma'aikata daga hasken waldar lantarki. Ba alfarma ba ce. Dokar Biyan Diyyar Ma'aikata ta 2010 kuma ta sa mai kamfani ya riƙa zuba kashi 1 cikin 100 na jimillar albashin da yake biya a asusun hukumar inshorar ma'aikata ta NSITF, daga aljihunsa, ba daga albashin ma'aikaci ba, kuma ta haɗa har da ma'aikacin wucin gadi da ɗan koyo. Ma'aikaci ko wani nasa ya sanar da kamfani cikin kwana 14, kamfani ya sanar da hukumar cikin kwana 7, a shigar da neman diyya cikin shekara guda. Sanarwar a yi ta a rubuce, da rana da lokaci da wurin da abin ya faru da waɗanda suka gani, a riƙe kwafi. Katin asibiti, rasit da rahoton likita duk a adana. Wasu na jin nauyin yin haka, wai kamar an ƙi yarda da ƙaddara ko an yi wa maigida butulci. Abokin aikin nan nawa ma nauyin ya ji, bai rubuta komai ba, aka biya masa kuɗin magani na watan farko, aka ba shi ɗan abin da aka ba shi a ambulan, magana ta mutu.

Wanda ya rasa ido ɗaya ya daina gane nisa da kusa yadda ya saba, sai ya ɗauki watanni kafin hannunsa ya daina kuskuren kofi. Kada a mayar da shi kan giranda ko wajen duro a makon da ya dawo. Likita zai ce masa ya riƙa sa gilashin polikabonet kullum, a wajen aiki da kan babur da gida, kuma idan mai lafiyar ya fara ja ko ƙin haske, ko bayan shekara ne, ya koma asibiti a ranar, domin raunin da ya huda ido ɗaya yakan iya tayar da kumburi a ɗayan, ko da yake ba kasafai ba. Shi abokin nawa sito aka mayar da shi, yana rubuta kayan da suka shiga da waɗanda suka fita. Jarka da butoci biyun da ke gefen durorin soda a yanzu, shi yake canja musu ruwa kowace safiya kafin ya buɗe littafinsa.